Lawali Ya Baje Ganuwa, Inna

Assalamu alaikum Inna. Bayan gaisuwa mai tarin yawa cikin ladabi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Hajara.

Inna, ɗanki Lawali ya yi aika-aika, kuma sai na faɗa miki.

Kin san tsohuwar ganuwar nan ta bayan gidanmu, tudun ƙasar da ya rage na garin kakanni, da ramin da ke gindinta inda ruwa ke bi? To babu su. Lawali ya kawo katafila ta ture ganuwar cikin ramin, wai shina son fili shi yi gona. Gona, Inna! Mutumin da ko barkono bai taɓa rayawa ba.

Na tuna duk bayan girbi kina tara mu da ƙwarya, muna ɗibar ƙasa muna cike inda ruwa ya ci. Muna gunaguni, ke kina cewa, "Ba don mahara kaɗai anka yi ta ba, har da ruwan tudu." Shi ko lokacin shina can bisa ganuwa shina cin magarya. Bai taɓa ɗaukar ƙwarya ba, ina zai san amfaninta?

Na yi mai magana, wai zancen mata ne, ƙasa ce kawai. Shi da abokansa 'yan majalisar gindin darbejiya, manyan riguna ba kai. In baƙi sunka zo su ne gaba wurin cika baki, wai kakanninsu jarumai. Kakanni sun ɗauko ƙasar nan a ka, jikoki sun baje ta a yini guda, suna tsaye suna ɗaukar hoto da waya.

Ruwan farko ya rasa hanya, ya miƙe tsakar gida. Gonar tasa ta koma tabki, kwaɗi ke nomanta. Ɗakinki ya sha ruwa har gwiwa, bangon gabas ya tsage. Lawali ya zo ya riƙe ƙugu, wai ƙaddara ce.

Inna, ɗakin ba zai tsaya ba. Jiya na fidda tabarmarki da carbinki da 'yar butarki. Na zauna bakin ƙofa, har yanzu akwai ƙamshin man kaɗanyarki a ciki. Maƙwabta sun ce a rushe shi kafin ya faɗa kan yara. Na ce to. Gobe da safe za su zo.

Ki yafe min, na kasa tsare miki shi.

Allah shi haskaka makwancinki, shi sa Aljanna ce makomarki, shi ba ki ɗakin da ruwa ba ya ci. Amin.

Ɗiyarki,
Hajara