Ingiricin Bayan Dutse

Zuwa ga uwar Lami,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ne dai mijinki, yadda kika bar ni. Kin san ban yi boko ba, mai rubuta wasiƙa na kasuwar Roni ne ke rubutawa, ni ina faɗa. Na kuma ce a karanta ta a ƙofar gidan dagaci ranar Juma'a, kowa ya ji.

Maganar makiyayar bayan dutse ce. Tun shekarar fari da danginki Fulani suka kaɗa shanu suka yi kudu, samarinmu kuma suka bi aikin birni zuwa Kano da Ikko, ba wanda ya sake waiwayarta. Tafasa da ƙarangiya suka cinye ta. Bayan rasuwarki sai ga masu aikin titi, wai za su haƙi tsakuwa a wurin. Dagaci ya ce ai dama ba ta da amfani. Na ce ya ba ni damina biyu. Aka yi dariya. Ina riƙe da sunan duk wanda ya dara, kuma Ɗanladi mahauci har yau ban saya nama a wurinsa ba.

Kina tuna rigimarmu a kan yankan ciyawa? Ni sai an gama girbin gero nake ɗaukar lauje, yadda na ga mahaifina yana yi. Ke kuwa kullum maganarki ɗaya: "Malam, a yanke ta tana ɗanya, da ta fara fitar da kai. A shanya a inuwa. A bar mata gefe ɗaya ta zubar da iri." Na ce mace ba za ta koya mini ciyawa ba. Shekara da shekaru awakinki suna shinshina abin da na tara su kau da kai, ina cewa ke kika sangarta su.

Damina ta farko na tuge tafasa da hannuna. Na watsa irin kyasuwa da gamba da na tsinto a bakin burtali, na cuɗa shi da kashin shanu kamar yadda kike yi. Ta fito, ta yi kyau. Amma na jira girbi, don kada a ce na bi maganar mace. Abin da na ɗaure kara ne kawai, ko jaki bai kula shi ba.

Ta biyu fa, wata rana bayan azahar na kishingiɗa a gindin marken nan, barci ya ɗebe ni. Sai na gan ki cikin kyasuwa, ta kawo miki ƙirji, iska tana kaɗa ta kamar ruwan tafki. Ƙwaryar nono na kanki, ba ki riƙe ta ba. Ciyawar tana buɗe miki hanya tana rufewa a bayanki. Kika tsinko kai ɗaya kika ɗaga mini. Na kira ki, kika ci gaba da tafiya wajen dutse.

Da na farka na wasa lauje. Gero na tsaye a gona ina yankan ciyawa, masu wucewa suna cewa tsufa ya taɓa ni. Na shanya a ƙarƙashin rumfa, ina juyawa safe da yamma.

Da bazara dagaci ya zo. Na kwance dami ɗaya, ga ingirici kore shar, ƙamshinsa kamar ranar da aka yanka. Ragon da aka jawo don a gwada ya tsinke igiya ya afka wa damin. Nan take ya ce masu titi su nemi tsakuwarsu a gaba. Sai ya tambaye ni wa ya koya mini, ko malamin gona ne.

Uwar Lami, cewa na yi da kaina na gano.

Wannan maganar ce ta hana ni sakewa. Saboda haka ranka ya daɗe, da ku jama'a, har da kai Ɗanladi, ku ji: ita ce. Ni lauje kawai na riƙe.

Gefen gabas, inda kike zama ki huta, ban sa masa lauje ba. Yana can yana zubar da iri.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sanyaya makwancinki, Ya sa ki yafe mini kafin in iso. In Ya haɗa mu, ki faɗi maganarki, zan yi shiru.

Ni ne naki,
Baban Lami