Ƙarar Ba Daga Kwamfuta Take Ba

Dik Lastri,

Na tafi asibiti, kada ki jira ni da abinci.

Kin san ƙarar nan mai kama da kukan sauro da na ce kwamfuta ke turawa cikin lasifikokina. Jiya na sayo DAC na uku, akwatin tace sauti mafi arha a shagon Koh Abun. Ya ce, "Mas Wiryo, in wannan bai kashe ƙarar ba, sai dai ka canja gida."

Ɗazu da hantsi aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, kwamfuta ta mutu. Ƙarar tana nan. Na toshe kunnen hagu, ta ƙaru.

Sau nawa kika ce, "Mas, ni fa ba na jin komai," na ce ina mai suyar tempe, wainar waken suya, ta san sauti. Ki yafe mini. Ashe naki kunnen ne mai lafiya.

In Pak Darmo, mai shirya bikin Asabar, ya zo kan maganar sautin da zan haɗa musu, ki ce mura nake yi. In ya ji gaskiya, wani zai ba aikina.

Akwatunan uku suna kan tebur. Dukkansu lafiyarsu ƙalau.

Mas Wiryo