Me Zan Faɗa wa Jandarma a Kan Ɗana da Ubansa?

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Admin don Allah a ɓoye sunana, mutanenmu na Paris ba su da yawa, kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle, abinci ma ba ya shiga.

Ni 'yar Maraɗi ce, muna zaune a Bobigny, a gefen Paris, da maigidana Alhaji da 'ya'yanmu biyu. Alhaji yana da shagon tufafi a Barbès, mutum ne mai riƙe gida, ba zan yi masa sharri ba, amma hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ɗanmu na fari shekararsa sha shida, sunan mahaifin Alhaji gare shi, shi ya sa Abba muke ce masa. Kun san alkunyar ɗan fari a wajenmu, ban taɓa kiran sunansa na yanka ba, ba na yabonsa gaban mutane, in ubansa na masa faɗa tashi nake in shiga kicin in ba su wuri. Haka uwata ta yi da yayanmu, ni ma a haka na tashi.

A nan Faransa yaro yana iya fara tuƙi kafin ya samu permi, wato lasisin tuƙi. In ya ci jarabawar dokokin hanya ya gama darussan oto-ekol, makarantar koyon mota, sai a ba shi takarda, a manna tambari a bayan mota, ya riƙa tuƙi babba na zaune a gefensa. Abba ya ci a zama ɗaya, aka rubuta Alhaji a matsayin mai raka shi. Shi kuwa Alhaji a tashar Maraɗi ya koyi mota, yaron mota ya yi, kuma har yau yana alfahari cewa da ranƙwashi ubangidansa ya koya masa, wai shi ya sa bai taɓa yin hatsari ba. Duk Lahadi in suka fita koyo, Abba shiru yake dawowa ya shige ɗaki, ni kuma na ɗauka gajiya ce.

Watan jiya matar ƙanena da ke Lyon ta haihu, aka sa suna ranar Asabar. Alhaji ya ce Abba ne zai ja mu don hannunsa ya faɗa a doguwar hanya. Wallahi yaron nan har wanke motar ya yi da kansa don murna. Muka tashi bayan asuba, ni da ƙanwarsa Nafisa, 'yar shekara bakwai, muna baya. Tun da muka hau otorut, babban titin da ke zuwa Lyon, na lura yana tuƙi kansa a karkace wajen taga, kafaɗarsa ta dama a ɗage. Na zaci madubi yake dubawa, sai daga baya na gane kunnensa yake karewa.

Doka ta ce mai koyo ba ya wuce gudun ɗari da goma. Alhaji kuma shi aka ce zai buɗe taro da addu'a, ba ya son a ce ya makara gaban surukai. Motoci na wuce mu yana tsaki, yana cewa ya taka mana, ko kunkuru ya haifa. Abba ya ce masa a hankali, Baba doka ta hana, in aka kama mu za a karɓe takardata. Sai ranƙwashi, ƙwas, har baya na ji ƙarar. Na duƙar da kai na yi kamar ina gyara wa Nafisa kallabi. Aka ƙara na biyu, na uku, ni dai ina ta gyaran kallabi.

Mun wuce rabin hanya wata kamiyo, babbar motar kaya, ta shiga gabanmu, Alhaji ya ce ya wuce ta, Abba ya ce akwai mota a bayansa. Bai rufe baki ba Alhaji ya zabga masa mari da bayan hannu a kan kunne. Motar ta yi hagu, Alhaji ya cafki sitiyari ya fizgo ta dama, muka goga ƙarfen bakin hanya har wuta na tashi, kan Nafisa ya daki ƙofa, jini ya wanke mata fuska. Ban san lokacin da na ƙwala wa ɗana kira da sunansa na yanka ba, karo na farko tun da na haife shi. Yaron nan da jini na bin wuyansa ya riƙe motar, ya daidaita ta, ya kai mu wurin hutawa na gaba ya tsaya.

Ina danne goshin Nafisa da mayafina, Alhaji ya zagaya ya jawo Abba waje da wuyan riga, ya zare bel ya hau shi da duka, wai ya so kashe masa iyali. Abba bai rama ba, yana ta kare kai, har ƙarfen bel ɗin ya sake samun kunnen nan. Nan ya kama hannun ubansa ya ture shi. Alhaji ya faɗi kan dakalin siminti, hannunsa ya karye. Wata Baturiya da ke tsaye da karenta ta kira jandarma. A asibiti muka wuni, aka ɗinke wa Nafisa goshi, likita ya ce fatar cikin kunnen Abba ta fashe, ba a san ko jin zai dawo duka ba. Ko ƙofar gidan sunan ba mu gani ba.

Ga inda nake neman shawararku. Abba ya ƙi ce wa jandarma komai, ko kalma ɗaya. Bidiyon da Baturiyar ta ɗauka daga wajen turewar ya fara, abin da ake gani kawai yaro ya tura ubansa ƙasa. Ni kaɗai ce babba da ta ga komai, kuma an kira ni in ba da shaida ranar Litinin. Alhaji ya ce in faɗa musu gyangyaɗi ya kwashi yaron, kunnensa ya bugi taga, da aka yi masa faɗa ya daki ubansa. Na ce Alhaji kunnen dama ne fa, taga kuma a hagunsa take, sai ya jefe ni da kofin shayi da hannunsa mai lafiya. In na faɗi yadda yake so, ɗana zai tsaya gaban alƙalin yara a matsayin wanda ya karya ubansa. In na faɗi gaskiya Alhaji ne zai tsaya gaban alƙali, kuma bana ake sabunta masa takardar zama. Ya rantse in na buɗe baki aure ya ƙare, kuma sai ya tsine wa yaron.

Dattawan ƙungiyarmu sun zo gida har da matansu. Babu wanda ya tambayi kunnen Abba, hannun Alhaji kowa ke jajanta wa. Wata Hajiya ta ja ni gefe ta ce abin kunya ne a ji mace ta tsaya gaban Nasara tana kare ɗan fari a kan ubansa, za a ce ba ni da kara. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Abba yana Lyon wajen kawunsa, ya ƙi dawowa. Jiya na kira shi, ina ta magana ya ce in dakata ya sauya kunne. Da ya mayar da wayar hagu sai ya ce, "Mama, ran nan a mota na ji kin kira sunana, shi ya sa ban saki sitiyarin ba. Ranar Litinin ma za ki kira sunan nawa, ko kicin za ki shiga?"

Daga nan wayar ta katse. 'Yan uwa, iyaye mata musamman, in ku ne a kujerata ranar Litinin, me za ku faɗa?