Ƙorafi Kan Wanke Akwatin Talabijin na Marigayi Aminullahi

Daga: Mero Iliyasu,
Zandam, Ƙaramar Hukumar Gwaram.
15 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Masu Gyaran Kayan Lantarki,
Birnin Kudu.

Game da: Aikin da Malam Ɗanladi mai gyara ya yi mini, da kwamfutar da ke hannunsa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ranka ya daɗe, ina kawo kukana gare ka. Karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da rubutun. Ranakun ma ban rubuta su ba, abin da na riƙe a kai nake faɗa.

1. Ɗana Aminullahi ya rasu a haɗarin babur bana, bayan Babbar Sallah. Kafin nan ya haɗa mini wani ƙaramin akwati a jikin talabijin, ya sa masa manhajar da ke naɗar shiri idan ana yi. Irin manhajar ya sa a tsohuwar kwamfutarsa, ya ce duk abin da akwatin ya naɗa yana zuwa can ma.

2. A cikin abin da aka naɗa akwai hirar da 'yan talabijin suka yi da shi a gonarsa kan noman rani. Yana magana, yana dariya, har hularsa ta faɗi. Ba ni da muryarsa a ko'ina sai nan. 'Yarsa Nasiha yanzu take koyon magana, in an kunna sai ta je ta dafa gilashin.

3. A watan Mauludi akwatin ya fara tsayawa. Na ɗauke shi da kwamfutar, tunda tare suke aiki, na kai wa Malam Ɗanladi a shagonsa da ke Birnin Kudu. Na gaya masa na marigayi ne. Ya tambaye ni ko ya wanke shi. Ranka ya daɗe, ni wankin da na sani shi ne a fitar da datti, kuma akwatin ya yi datti. Na ce ya wanke. Bai gaya mini cewa a wajenku wanki yana nufin goge duk abin da ke ciki ba. Kalma ɗaya ce zai ƙara, bai ƙara ba.

4. Da na karɓo akwatin na koma gida maƙwabcinmu ya jona mini, babu Aminullahi. Sai tashoshin ƙwallo da finafinai. Na koma shagon ina kuka a gaban mutane, Malam Ɗanladi ya ce sabuwar manhajar ta fi tsohuwar, wai yanzu na fi kowa tashoshi a Zandam. Ban zo neman tasha ba.

5. Abin da ya hana ni zama shi ne kwamfutar. Tana hannunsa. Ya ce a kulle take da lambar sirrin marigayi, ba za ta buɗu ba sai ita ma an wanke ta, kuma ranar Lahadi mai zuwa zai yi. Na roƙe shi ya ba ni ita haka. Ya ce ya riga ya kwance ta, ba ya barin aiki a rabi, kuma ban gane ba ne. Na gane sarai. Idan hirar nan ta rage a duniya, a cikinta take. Na sa an tambaya a gidan talabijin, an ce ba a ajiye tsohon shiri irin wannan.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙonka don Allah ka aika a tsayar da shi kafin Lahadi. Ba na neman a hukunta shi, ba na neman a biya ni komai. A karɓo kwamfutar, a nuna wa wanda ya san yadda ake fitar da abu ba tare da an goge ba. Kuma a riƙa faɗa wa irinmu da Hausar da muke ji kafin a taɓa mana kaya.

In kuwa duk cikinku babu mai iya buɗe ta, a ɗaure ta yadda take a ba ni a kulle. Zan ajiye ta a ɗakina har Allah Ya kawo mai iyawa, ko bayan raina ne.

Allah Ya ƙara girma, Ya sa ka duba da wuri.

Mai biyayya gare ka,
Mero Iliyasu,
mahaifiyar marigayi Aminullahi.