Sunan Kakan Kaka

Makka, daren Talata, Safar 1364

Na gaya wa Kaka yau na hango jakadan Amurka a Jidda. Sai ta ajiye carbi.

Ta ce, "Mun san su. Kakana bawa ne a Tarabulus lokacin da jiragen ruwansu suka yaƙi garin. Shi ke kai wa mutanensu da aka kama fursuna ruwa. Da aka yi sulhu, jakadansu ya fanshe su kaf. Kakana ya ɗaukar musu kaya har bakin teku."

"Shi fa?"

"Ya waladi, ɗana, shi wa zai aiko dominsa?"

Na tambayi sunansa don in sa shi a addu'a. Ta rasa. Har yanzu ina jin ta bayan labule tana gwada sunaye.