Murfin da Na Liƙe da Kyandir

Zuwa ga Malama Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, kuma kin saba da sabuwar makarantarki a Jos. Mu nan Gumel lafiya lau, sai zafin bazara. Inna tana gaishe ki.

Malama, ranar da direban da ya kwashe kayanku ya kawo saƙonki, ya tambaye ni kifayenki. Na sunkuyar da kai na ce suna lafiya. Ƙarya na yi. Abin da bakina ya kasa faɗa shi na zo rubutawa.

Kin tuna ranar tafiyarku, da akwatin gilashin ya ƙi samun wuri a mota? Duk 'yan aji shida da suka zo rakiya, ni kika kira. Kika ce, "Hajara ba ta magana, amma ba ta mantuwa." Na ɗauko shi a ka har gida, kifayenki Ladi da Talatu da Laraba suna ta zagaye a ciki.

Ɗakin Inna duhu gare shi, ba kamar falonki ba. Ko da rana ba na ganinsu sosai. Sai na ce bari in yi musu fitila, ranar da kika zo ki ga na iya riƙon amana.

Akwai mataccen rediyon Baba a ƙarƙashin gado. Na ciro 'yan ƙwayayen nan masu cin wuta ja da kore, guda biyar, da siraran wayoyi. Ta farko na haɗa mata batir huɗu, ta yi wal sau ɗaya ta mutu. Na koma biyu. Ta biyu ta ƙi ci, har na kusa jefar da ita, sai na juya ƙafafunta, ta kama. Ashe ba kamar ƙwan tocila ba ne, ta gefe ɗaya kawai suke karɓar wuta. Ni kaɗai na gano wannan, har na yi dariya.

Na yanka murfin tsohon bokitin roba daidai bakin akwatin, na jera ƙwayaye huɗu a jikinsa, na naɗe wayoyin da salatif. Kin sha ce mana wuta da ruwa ba sa shiri. Don tsoron haka na ɗiga kyandir a kowace kafa, na bi bakin murfin duka na liƙe, ko tururi kada ya taɓa waya.

Da azahar na rufa zanen Inna a kaina da akwatin, na haɗa waya. Malama, da kin gani. Ruwan ya yi ja da kore, cikin Laraba yana ƙyalli kamar sabon kwano.

Mai gyaran rediyo yana bakin layinmu. Sau biyu na je zan nuna masa, na ga maza zaune a benci, na wuce kamar an aike ni wani wuri.

Washegari muka tafi bikin suna a Ɗanzomo, muka kwana biyu. A can na ga wata yarinya ta kifa kofi a kan ƙwaro. Na tuna ranar da kika kifa kofin gilashi a kan kyandir a aji, wutar ta yi ƙasa ta mutu. Kika ce, "Duk mai rai haka yake in ya rasa iska." Ni na ci wannan tambayar a jarrabawa, Malama.

Da muka dawo, Ladi da Laraba suna kan ruwa, ciki a sama. Talatu tana ɗaga baki a ƙarƙashin murfin. Fitilar kuwa tana nan tana ci, ko ƙwaya ɗaya ba ta mutu ba.

Na binne su a gindin zogalenmu. Inna ta ce a samo wasu karfasa biyu a zuba, ba za ki gane ba. Na san za ki gane. Ko ba ki gane ba, ni na sani.

Talatu ta warke, tana cin dusa. Na huda murfin da ƙusa mai zafi, huda goma sha biyu, kullum da safe ina ƙirga su. Ban sake kunna fitilar ba. Batiran suna cikin gwangwani, sai kin ce in kunna.

Ki yafe mini, na kifayen da na ƙaryar. Allah ya tsare ki da iyalinki, ya ba ki ɗalibai masu tuna karatu a kan lokaci, ya sa mu sake ganawa.

Ɗalibarki mai jin kunyarki,
Hajara