Birkin da Na Sa wa Motarki

Zuwa ga Ornella, itacen zaitun na ƙofar gidana, inuwar tsufana, wadda furfura ta sauka a kanta kamar hasken safiya a kan tuddan Modena.

Tun ranar Talata da kika koma gidan ƙanwarki Graziella, gahawa ta daina yi mini ɗanɗano. Na san laifina, ba zan yi masa kwalliya ba. Ni na cire wa jar motarki birkinta na asali, mai ganga, na sa mata na zamani, mai faifai, na ja bakina na yi shiru. Ni da na tsufa a ƙarƙashin motoci, na fi kowa sanin dokar tseren tsofaffin motoci: abin da mota ba ta zo da shi a zamaninta ba, ba ya hawa titin tsere!

Kina tsaye mai binciken motocin tseren ya durƙusa, ya haska bayan taya, ya ɗago yana murmushi. "Baba Fulvio, motar dai ta 1954 ce, amma birkin nan ko jikanka ya girme shi." Kowa ya yi dariya, ban da ke. Kika zare safar hannu a hankali, kika ce, "Tsoho, birkina ka raina ko ƙafata?" Wayyo! Da marina kika yi, da tuni na warke.

Ƙafarki, hasken idona? Ta yaya zan raina ta? Kin manta ranar da kika fara ɗaukata a motar nan, muna gangarowa tsakanin gonakin inabi, gashinki yana kaɗawa kamar alkama a iska, ni kuwa na ƙanƙame ƙofa ina kiran waliyyai, har da waɗanda ban san sunansu ba? A ranar na so ki, a ranar kuma na fara jin tsoro. Bara da na ga gangunan suna hayaƙi a kwanar gangare, sai tsoron ya rinjayi hankalina. Na san likitan ido ya ce bana ce shekararki ta ƙarshe a tsere. Na sani sarai! Duk da haka na kusa ƙwace miki ita da hannuna.

Na mayar da gangunan, kowace ƙusa a mazauninta. Masu bincike sun yarda su sake dubawa ranar Juma'a da safe, amma sai direba ta kawo motar da kanta. Ki zo, kurciyata. Ko ba za ki kalle ni ba, ki zo.

Ranar Lahadi, ranar tseren, zan tsaya a kwanar nan, kuma na yi alkawari ba zan rufe ido ba. Abu ɗaya nake roƙo: idan kin iso, ki taka birki da ɗan wuri. Babu dokar da ta ce haka. Ni ne na ce.

Naki, yau da gobe, har ranar da nawa injin zai tsaya,

Fulvio